Ganyen Daji da Bado Cikin Tarihin Zamfara ta Arewa

Masu rubuta tarihin ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da fatauci, in kuwa suka juyo ga abinci sai su tsaya ga gero da dawa, watau abin da a ke nomawa a zuba rumbu. Amma akwai wani kashi na abinci wanda ba a shuka shi, ba a yi masa noma, ba a kuwa auna shi da mudu, ga shi kuma ya sha tsai da ran jama'a a shekarun da rumbu ya kasa. Wannan shi ne ganyen da mata da yara ke tsinkowa a daji da gefen gona, da bado wanda a ke cirowa cikin tafki. Wannan takarda za ta bi sawunsa a ƙasar Ɗan Isa ta Ƙauran Namoda da maƙwabtanta na Zurmi da Shinkafi, sa'an nan ta gwada shi da ganyen teku na mutanen Japan, domin a ga dalilin da ya sa ɗaya ya sami tarihi rubutacce na shekara fiye da 1,300, ɗayan kuwa sai an yi ta tono kafin a ga alamarsa.

Ƙasar da Ruwanta

Ɗan Isa da a ke magana a nan ita ce ta ƙasar Ƙauran Namoda, kada a rikita ta da takwararta ta Jamhuriyar Nijar da ke kan hanyar Jibiya zuwa Maraɗi. Gulbi biyu ne ke shayar da wannan yanki. Gagare ya bi ta Ƙauran Namoda, Bunsuru ya bi ta Zurmi, ruwansu duka kuwa Gulbin Rima ya ke tafiya. Damina gajeruwa ce, wajen wata huɗu, amma in gulaben nan suka yi ambaliya su kan bar fadamu da tafkuna masu riƙe ruwa har cikin rani. Saboda haka mutumin wannan ƙasa yana da wuri uku na neman abinci: tudu inda ya ke noman gero da dawa, fadama inda ya ke noman shinkafa da albasa, da kuma daji da tafki, inda ba ya shuka kome amma ya kan girba.

Ƙasa ce da ta sha yaƙi. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa, ita kuma ta faɗi hannun masu jihadi cikin 1808. Bayan haka Zurmi da Ƙaura suka zama garuruwan bakin daga, suna tsaye tsakanin Sakkwato da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi. Kyaftin Clapperton ya ratsa Zurmi cikin 1824, Dokta Barth ya bi ta Zurmi da Badarawa cikin 1853, dukansu kuwa sun tarad da hanya babu aminci. Inda mahara ke ƙone rumbu su kore manomi daga gonarsa, ba sai an gaya wa mutum cewa jama'a sun san abincin daji ba.

Dalilin Ƙarancin Labari

Abin da hukuma ba ta karɓa, ba ta rubuta shi. A mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar Hausa ke bi, ana fid da zakka daga hatsi da dabino da dabbobi da dukiya, amma babu zakka a kan ganyaye. Shari'a kuma ta sa ruwa da ciyawar daji cikin abubuwan da jama'a ke tarayya a kansu. Sarakuna sun karɓi kuɗin ƙasa da kuɗin rafi da kuɗin karofi da jangali, Turawa suka zo suka tattara yawancinsu cikin haraji guda, amma ƙwaryar tafasa ba ta shiga littafin Baitulmali ba. Har wa yau aikin na mata ne da yara, alhali masu riƙe da alƙalami maza ne.

Don haka mai bincike ba shi da madogara sai guda huɗu. Na farko littattafan Dokta J. M. Dalziel, likita, wanda ya tattara sunayen tsire-tsire da Hausa cikin 1916, ya kuma fitar da babban littafinsa na tsire-tsire masu amfani na Afirka ta Yamma cikin 1937. Na biyu ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda ya kan nuna kalmar Sakkwato dabam da ta Kano. Na uku binciken da a ka yi kan fari da yunwa, musamman na Michael Watts cikin 1983 da na Michael Mortimore cikin 1989, ko da ya ke a ƙasar Katsina da Kano suka fi yin aikinsu. Na huɗu kuwa, wanda ya fi duka yalwa, shi ne bakin tsofaffin mata.

Shekarar Mai Tsinkar Ganye

Wanda ya ɗauka tsinkar ganye aikin kame-kame ne bai lura ba. Tana da tsari na shekara kamar yadda noma ke da shi.

Da bazara, tun ruwa bai sauka ba, itatuwa ke fara toho. A lokacin ne a ke samun ɗinkin, watau sabon ganyen ɗinya, da dubagira daga aduwa, da ɗanyen ganyen kuka. Yaɗiya kuwa ba ta cika bushewa ba ko da rani, shi ya sa ta ke da daraja ga mai neman abin dafawa sa'ad da ƙasa ta yi fari fat.

Da ruwa ya zauna sai ganyen ƙasa su fito: tafasa, da gasaya, da rukuɓu, da lalo, da turgunnuwa, da karkashi. A nan hikimar abin ta ke. Watan Yuli da na Agusta su ne lokacin da hatsin bara ya ƙare ko ya yi tsada, na bana bai nuna ba, ga kuma aikin noma mai cin ƙarfi. Daidai wannan tsakani tafasa ke rufe bakin hanya da kufai da makiyaya. A kan tsinko ta tana ƙarama, a dafa da 'yar kanwa, a matse ruwan, a kwaɗa da ƙuliƙuli da gishiri da barkono da albasa. Abin da Kanawa ke kira kwaɗo, shi mutanen yamma ke kira ɗatu, yakuwa kuma su ce sure. Mudun gero guda wanda ba zai ishi gida ba in tuwo za a yi, in a ka ɓarza shi a ka haɗa da ganye a ka turara dambu sai ya kai su dare.

Da kaka a kan shanya abin da za a ajiye. Kuka da karkashi da lalo a kan busar da su a daka, su zama kayan miyar rani. 'Ya'yan yakuwa, watau gurguzu, a kan yi daddawar batso da su, kamar yadda a ke yin daddawa da kalwar ɗorawa. A nan akwai wani bambanci na mallaka da ya kamata a kula da shi: kuka ko ɗorawa da ke cikin gona suna da mai su, har a kan gaje su, amma ganyen da ya tsiro a ƙasa na wanda ya sunkuya ya tsinka ne.

Bado

Cikin abincin da ba a shukawa, bado shi ne na ruwa. Saiwarsa na cikin laka, ganyensa faffaɗa na shimfiɗe bisa ruwa, furensa fari. In furen ya faɗi sai ɗan ya nutse ya nuna a ƙarƙashin ruwa, cike da ƙananan ƙwayoyi. Masu nema su kan shiga ruwa da ƙwarya su lalubo 'ya'yan, a shanya, a sussuka, a sheƙe, a daka ƙwayar a yi tuwo ko kunu da ita. In ruwa ya janye da rani sai a tono saiwar, a dafa ko a gasa. Kada a haɗa shi da kainuwa, wadda a ke yi wa kirari da dashen Allah. Ita yawo ta ke bisa ruwa, ba ta kuwa shiga tukunya.

Cin bado tsohon abu ne a Afirka. Herodotus, marubucin Yunanawa na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin mutanen fadamun Masar suna busar da ƙwayarsa su daka su yi gurasa, suna kuma cin saiwar. Amfaninsa ga tarihin yunwa shi ne bai dogara ga ruwan saman da ya sauka a gonar mutum ba. Muddin gulbi ya kawo ruwa daga kudu ya cika tafki, za a sami bado ko da gero ya ƙone a tudu, fara kuma ba ta iya cin abin da ke ƙarƙashin ruwa.

A gabas, wajen Tafkin Cadi, akwai abin da ya fi bado kama da ganyen teku. Matan Kanumbu su kan kwashe wata irin gansakuka daga tafkunan kanwa, su shanya ta bisa rairayi ta zama waina, suna kiranta dihe, suna miya da ita. Masanin Faransa Dangeard ya bayyana ta cikin 1940, Jean Léonard na Beljiyam ya sake gano ta a kasuwa cikin tafiyarsa ta 1964 zuwa 1965. Ita ce duniya ta sani da sunan sifirulina. Fadamun Zamfara ruwan daɗi gare su, irin wannan kuwa ruwan kanwa ta ke so.

Shekarun Yunwa da Jirgin Ƙasa

Hausawa su kan raɗa wa yunwa suna kamar yadda a ke raɗa wa ɗa. Ta 1913 zuwa 1914, wadda ta fi kowace muni a zamanin Turawa, ana kiranta Ƙaƙalaba a wurare da yawa. Ta 1927 ita ce ta Buhu. Ta 1942 zuwa 1943 an kira ta 'Yar Gusau, sunan da ke nuna inda mayunwata suka dosa. Ta 1953 zuwa 1954 ita ce Muda. Bayansu a ka yi babban farin 1972 zuwa 1974, sa'an nan na 1984.

Abin da binciken waɗannan shekaru ya nuna shi ne abincin daji hawa-hawa ne. Matakin farko shi ne ganyen yau da kullum, sai dai a ƙara yawansa a rage hatsi. Na biyu shi ne 'ya'yan itace da saiwoyi, kamar goruba da aduwa da muruci da bado. Na uku shi ne abin da ba a taɓawa sai wuya ta kai wuya: ƙwayar ƙarangiya, wadda sai an sha suka kafin a raba ta da ƙayarta, da 'ya'yan anza, masu ɗacin da ba su ciwuwa sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa. Mai tarihi na iya auna tsananin shekara ta wurin tambayar mataki na nawa jama'a suka kai. Ya kamata kuma a lura cewa matakin ƙarshe ilmi ya ke bukata. Wadda ba ta koya daga kakarta ba, anza na iya cutar da 'ya'yanta.

Cikin 1929 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta Gusau ta iso Ƙauran Namoda, garin ya zama ƙarshen dogo kuma matattarar gyaɗa da auduga. Wannan ya taɓa abincin daji ta fuska biyu. Noman gyaɗa ya yawaita, ƙuliƙuli ya wadata, kwaɗo ya sami mahaɗi mai maiƙo da gina jiki. Amma kuma gonaki suka faɗaɗa, saura ta ragu, manomi ya shiga dogara ga kuɗin gyaɗa don sayen hatsi. Daga wannan zamani buhun hatsi na iya zuwa da jirgi a shekarar yunwa, sai dai mai kuɗi ne ke sayensa. Mara kuɗi tafasa ya koma wa, sai sunanta ya ƙara manne wa talauci, har mai hali ya kan ji nauyin a ga ana dafa ta a gidansa.

Misalin Japan

Japan tsibirai ce, duwatsu sun cinye yawancin ƙasarta, teku kuwa ta kewaye ta. Mutanen bakin gaɓa, sau da yawa mata, sun daɗe suna tsinkar ganyen da ke tsirowa bisa duwatsun teku sa'ad da ruwa ya janye. Uku ne suka fi shahara: nori, da wakame, da kombu. Asalin aikin ɗaya ne da na mai tsinkar tafasa: a san wuri, a san lokaci, a tsinko, a shanya.

Inda suka rabu shi ne wajen hukuma. Dokar Taiho ta shekarar 701 ta sa ganyen teku cikin abubuwan da a ke biyan haraji da su, kundin Engishiki na 927 kuma ya lissafa irin da larduna ke aikawa fada. Tun 675 Sarki Temmu ya yi dokar hana cin naman waɗansu dabbobi, addinin Buddha kuma ya ƙarfafa girkin da babu nama, saboda haka ganyen teku ya sami gurbi a akushin manya da na masu ibada. A zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, jiragen ruwa suka riƙa ɗauko kombu daga Hokkaido zuwa Osaka, daga can ya wuce Okinawa har ƙasar Sin. A wannan zamani ne masunta na gaɓar Edo suka fara kafa rassan itace cikin ruwa don nori ya kama, suka kuma koyi shimfiɗa shi falle-falle kamar takarda. Ƙauyukan gaɓa suna da haƙƙin ruwansu, su kan tsai da ranar buɗe tsinka, kada wani ya riga wani, kada kuma a cire shi bai ƙosa ba.

A girki kowane da aikinsa. Kombu a kan jiƙa shi a ɗumama a sami romo mai suna dashi, wanda shi ne gindin miyarsu. Wakame a kan zuba shi cikin miyar miso. Nori a kan gasa shi sama-sama a naɗe shinkafa da shi. Miso kuwa waken soya ne da a ka ruɓar da gishiri, watau ɗan'uwan daddawa ne.

Malaman kimiyya ma ba su raina shi ba. Cikin 1908 Kikunae Ikeda na Jami'ar Tokiyo ya ware sinadarin da ke ba romon kombu daɗi, cikin 1909 a ka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Shi ne farin magin da ya bazu kasuwannin Arewa, sinadarin nan kuwa yana cikin abin da ke ba daddawa ɗanɗanonta tun fil azal. Cikin 1949 wata masaniya a Jami'ar Mancesta ta Ingila, Kathleen Drew-Baker, ta gano cewa wani mataki na rayuwar irin wannan ganye cikin ɓawon kawa ya ke ɓuya. Da wannan sani Japanawa suka iya renon irin nori da hannunsu bayan shekarun da amfaninsa ya lalace. Cikin 1963 suka kafa mata dutsen tunawa a garin Uto, suna taruwa wurin ran 14 ga Afrilu.

Ba a kawo wannan misali don a ce ganyen teku ya fi tafasa ba. Kowane da abin da ya ke ba jiki: na teku yana da aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo, ganyayen Hausa kuwa suna da sinadarin ƙarfe da bitamin da tuwo kaɗai ba ya bayarwa. Abin lura shi ne abu uku da ɗaya ya samu ɗayan ya rasa: an rubuta shi, an tsare wurin da ya ke tsirowa, malamai kuma sun bincike shi. A Darfur ta Sudan ma ana ruɓar da ganyen tafasa a yi kawal, wanda ke tsaya wa matalauci a madadin nama, abin da ke nuna ganyen nan bai ƙure abin da za a iya yi da shi ba.

Halin da A Ka Shiga

An kafa Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996. Tun kafin nan noman rani da injin ban ruwa ya fara cin fadamu, tafkin da ya zama gonar shinkafa ko albasa kuwa ba ya fid da bado. Maganin feshi na kashe ciyawa bai san bambancin gasaya da ƙaiƙayi koma kan mashekiya ba, duk abin da ba a shuka ba ƙonewa ya ke. Zogale kaɗai ya tsira da daraja, domin an dasa shi a gida kuma 'yan boko sun yaba shi.

Abin da ya fi waɗannan tsanani shi ne rashin zaman lafiya. Daga wajen 2011 hare-haren 'yan bindiga da satar shanu da satar mutane suka addabi ƙasar Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, ƙauyuka da yawa suka watse. A yunwar da, in gona ta ƙi, daji na nan. A wannan karo gonar da dajin duka suka zama abin tsoro, mace ba ta iya yin nisa da ƙwaryarta. Cikin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwa cewa awon da a ka yi a Shinkafi da Zurmi ya nuna kimanin yaro ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara 5 yana fama da tamowa. Yarinyar da ta tashi a gudun hijira cikin gari ba za ta san wane tafki ke da bado ba, ba kuwa za ta san kwana nawa a ke jiƙa anza ba.

Aikin da Ke Gaban Malamai

Ilmin nan bai riga ya ɓace ba, amma masu riƙe da shi tsufa su ke yi. Malaman kwalejojin horon malamai su ne suka fi kowa damar ceto shi, domin ɗalibansu daga waɗannan garuruwa su ke, kuma yawancin tsofaffin da za a tambaya sun riga sun shigo gari, ba sai an shiga daji ba. Kowane ɗalibi na iya zama da tsohuwa guda ya rubuta abu biyar game da kowane ganye: sunansa da karin harshen garin ba tare da an mai da shi Kananci ba, inda ya ke tsirowa, watan da a ke samunsa, yadda a ke gyara shi kafin a ci, da kuma shekarar yunwar da a ka fi dogara gare shi da sunan da mutanen garin suka ba ta. In a ka tara waɗannan a ka gwada su da abin da Dalziel da Bargery suka rubuta, za a ga abin da ya saura, da abin da ya sāke suna, da abin da ya tafi. Ta haka Zamfara ta Arewa za ta sami wani babi na tarihinta wanda littattafan sarauta ba su ƙunsa ba, jama'a kuma su sami abin komawa ran da daji ya sake zama wurin da mace za ta shiga ta fito lafiya.